Ɗakin Baba da kalmomi 50,000

Yau 22 ga watan Nuwamba, hannuna duk ya tsattsage saboda ƙura da sanyin hunturu da ya fara shigowa, ga mura taƙi sakina tun ranar da muka buɗe ɗakin Baba. Aiki biyu na ɗauko lokaci guda a watan nan, kwashe tarkacen gidanmu na unguwar Yelwa nan Garwa a Kamaru da kuma rubuta littafin labari cikin kwana 30, kuma gaskiya da farko na ɗauka babu abinda ya haɗasu, ɗaya aikin rana ne ɗaya na dare.

Maganar littafin wata ƙawata da muke koyarwa lekol (makaranta) ɗaya ce ta kawomin. Tace akwai wani abu da aka fara a Amurka tun 1999, mutum 21 ne suka fara a yankin San Faransisko, suna ce masa NaNoWriMo, kowa zai rubuta kalmomi 50,000 a cikin Nuwamba, wato 1,667 kullum, ba komawa baya ba gyara, kawai ka zuba. Ƙungiyar da ke shirya abin ma ta rufe a 2025 amma mutane basu daina yi da kansu ba. Abin ya shigeni sosai don ni shekara shida kenan ina yawo da labari ɗaya a kaye, babi uku kacal, kullum in na zauna sai in koma shafin farko in canza kalma in sake canzata har dare yayi. Mu nan da Faransanci mukayi karatu, a kasuwa Fulatanci ake, Hausar rubutu kuwa daga littattafan Kano da ake shigo mana dasu ta Yola na koyeta, sai kuma na guruf guruf na WhatsApp da mata ke sakewa shafi shafi, shi yasa kullum nake jin kamar Hausata bata kai ba. To dokar "kar ki gyara" ɗin nan ita ta cire min wannan tsoron. A waya nake bugawa, bayan isha zuwa sha ɗaya, in an ɗauke wuta in jona a fawa banki in cigaba. Satin farko har wuce adadin nake.

Shi kuma ɗakin, autanmu ne zaiyi aure ƙarshen Disamba, kuma nan za'a sa amarya. Shekara uku da rasuwar Baba, an raba gida da manyan abubuwa tun lokacin, amma ɗakinsa aka ja aka sa kwaɗo, kowa ya kasa. Ni nace zan yi, a raina kwana uku ya isa, a fitar a share a yi fenti.

Ranar farko na cika buhu biyu zan fita dasu Baffa ya tareni a zaure. Yace "ina zuwa da wannan?" nace Baffa shara ce. Yace in ajiye, ko allura ce in dai ta mamaci ce gado ce, ba ni kaɗai ke da ita ba. Mu goma ne Baba ya bari, ɗaki biyu, akwai Yaya a Ngaundere, akwai na Duwala, akwai wadda ke aure a Injamena. Haka muka buɗe guruf, duk abinda na ɗago sai na ɗauki hoto na tura, in jira kowa yace ya yafe ko yana so. Wani ya amsa nan take, wani sai bayan kwana biyu, wani kuma ya turo murya ta minti biyar yana kuka akan tsohuwar fitilar ƙwai da gilashinta ma ya fashe. Naji haushi a lokacin wallahi, don ina kallon kwanaki na tafiya, amma yanzu ina ganin da na fita da buhun nan biyu da na ɗauki haƙƙin da ban san ranar saukewa ba.

Baba tela ne, don haka keken ɗinkinsa Singer shi aka fara magana akai, an bar wa ƙanena da ya gaji sana'ar ba musu. Sai adaka uku, kaset na wa'azi cike da kwali, rediyo biyu da basa magana, ƙyallaye buhu buhu da gara ta gama dasu. Bangon har yanzu akwai zanen inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2012 lokacin da kogin Binuwai ya cika, tun daga nan Baba ya ɗora komai akan bulo, shi yasa wasu abubuwan suka tsira. A cikin wani tsohon littafin awo na samu takardar sefa dubu ɗaya mai hoton Ahijo shugaban Kamaru na farko, sabuwa fil kamar jiya aka bugata, mutumin da ya sauka daga mulki tun 1982. Yaran gidan suka zagayeni suna tambaya waye wannan, ɗan Garwa ne fa amma basu san fuskarsa ba.

Takardu su suka fi cin lokaci. Baba baya yar da takarda, rasit ɗin haraji, katin asibiti, wasiƙun ajami, duk a haɗe da addu'o'i da ayoyi da ya kwafa da tawada. Ba dama ka kwasa ka zuba a bola tunda akwai sunan Allah, dole ɗaya bayan ɗaya nake dubawa. Malamin unguwarmu yace waɗanda suka lalace a ƙona a wuri mai tsarki a binne tokar, haka mukayi a bayan gida ƙarƙashin dalbejiya. Allunansa biyu da gafakar muka kai makarantar allo.

Sai kayan Inna, don da ta ga ana fitar da kaya tace to a haɗa da nata na ƙuryar ɗaki. Kwalla ne da fanteka da langa na jerenta tun na aure, wasu ko sau ɗaya ba'a ci abinci a ciki ba. 'Yan matan yanzu ba mai so, kula da tangaran suke so, na tura a guruf shiru. Ɗan gwangwan yazo da sikelinsa ya ɗora kwalla guda yana faɗin kilo, na juya naga fuskar Inna, sai kawai nace masa ya bari mun fasa. A daren ta zauna tana ɗaukarsu ɗaya ɗaya tana gogewa da gefen zaninta, wannan kakarku ce ta siya da kuɗin man gyaɗa, wannan ranar sunan Yayanku aka kawo, wannan sai da aka karya darajar sefa a 1994 Malam yaso a siyar naƙi. Malam take ce wa Baba, har ya rasu ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Na lura Inna bata bada labari haka kawai, sai abu na hannunta, in ka ɗauke abin maganar ta tsaya. Shekara talatin da wani abu ina gidan nan ban taɓa jin rabin abinda naji a sati biyun nan ba.

A adaka ta biyu ne muka samu turmin atamfa da ba'a taɓa yankawa ba, an naɗeshi a leda an ɗaure da zare, da wani ƙaramin hoto a tsakiya. Inna ta daɗe tana kallo kafin tace in rufe ƙofa. Abinda ta faɗamin a daren ba zan rubuta anan ba, iyaka dai labarin wata baiwar Allah ce da ta taɓa zama a gidan nan kafin a haifemu, da yadda ta fita.

Amma na rubutashi a littafin. A lokacin labarina ya tsaya cak a wajen kalmomi 22,000, jarumar tawa na rasa inda zan kaita, kwana biyu ina buga abinda ni kaina ban yarda dashi ba don dai adadi ya cika. Ina jin wannan labari sai hannuna ya kama rawa, dare uku na zuba kalmomi 6,000, na canza sunaye na mayar da abin Marwa na mayar da telan ɗan kasuwar goro. Ban taɓa rubuta abu mai kyau irinsa ba, wannan na sani, ina bugawa ina hawaye. Saboda murna na ɗauka na karanta wa Inna da safe tana tankaɗe.

Bata katseni ba har na gama. Sannan tace "wa ya baki?" Nace Inna ai ke kika faɗamin. Tace "na faɗa miki ne ki sani, ban baki ba. Matar nan tana da rai, 'ya'yanta na da rai. Fitilar da ta fashe sai da kika tambayi mutum tara kafin ki taɓa, wannan wa kika tambaya?" Nace na canza komai ba mai ganewa. Tace duk tsohuwar da ke Yelwa shafi ɗaya za'a karanta mata ta faɗi sunan, kuma ai littafi ba'a san hannun da zai faɗa ba.

Nayi fushi, ba zan ɓoye ba, ranar ko abincin rana ban ci ba. Ina ta faɗa a raina to marubuci daga ina zai samo labari in ba daga mutane ba, kuma abinda aka yiwa matar nan ai ya kamata a faɗa, irinsa ne ake binnewa a gidaje ana cewa rufin asiri mata nata cutuwa. Har yanzu ban sauka daga wannan ra'ayin ba. Sai dai da na zauna na duba, ba don ita na rubuta ba, ban ma tuna da ita a matsayin mutum mai numfashi ba a dare ukun nan, adadi nake bi, na samu abinda zai cikemin gibi na wawura. Saurin ne ya hanani tsayawa in tambaya, irin saurin da na cika buhu dashi ranar farko, sai dai wannan karon ba Baffa a zaure.

Na cire kalmomin 6,000 daga littafin. Ban gogesu ba, na ajiye a wani fayil daban na sa makulli, kuma na faɗa wa Inna gaskiya cewa ban goge ba. Tace to, amma kar ido ya gani sai mai shi ta yarda, in bata yarda ba in goge a gabanta. Na amsa.

Tun daga nan rubutun ya ragu, wata rana 900 wata rana 400, don yanzu kafin in sa abu sai na tambayi kaina daga ina na ɗaukoshi. Jarumar tawa na bata ɗakin uba ta kwashe, wannan kam nawa ne ba mai cewa komai, ƙurar da ledar da warin kafur duk na saka. Yau ya kamata ace ina da 36,674, abinda ke akwai 26,300, ga takardun jarabawar yara na jirana a jaka ban gyara ba. Ƙawata ta wuce 40,000, tana ta turomin saƙo in daure, kuma zan daure har 30 ga wata inga inda na tsaya, in ya so in cigaba a Disamba bayan biki.

Ɗakin saura adaka ɗaya da saman sif, mai fenti zai zo ranar Litinin. Kwallayen mun mayar ƙuryar Inna, ta zaɓi guda huɗu tace a sa wa amarya a jere ko bata so. Atamfar kuma na tura hotonta a guruf ba tare da bayani mai yawa ba, Yaya ya kira Inna sukayi magana, daga baya duk tara suka rubuto sun yafe. Ranar Asabar ni da Goggo zamu shiga mota mu kai wa mai ita, wani gari ne akan hanyar Marwa ba nisa sosai. Goggo tace in bar wayata a jaka, in gaisheta in zauna a tabarma inyi shiru, kar in tada maganar littafi sai in ita ta fara buɗe ledar.