Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Dabinon Inna

Makon jiya mun tsaya a inda aka sallamo Inna, surukata, daga asibiti da ƙwayar metformin da dogon gargaɗi. Awon sugan jininta na safe, kafin ta sa komai a baki, ya wuce 7 nesa, alhali daga 7 ɗin ne ake cewa ciwon suga ya tabbata. Muna isa ƙauye 'yan dubiya suka cika gidan, kowa da maganinsa. Wannan ta ce a jiƙa mata aduwa, wancan ya ce ita da zaƙi sai a lahira. Maigida ya ɗauki ta biyun, ya hana a shigo da ko lemu ɗaya.

Sai wanda ya san Inna zai gane nauyin wannan hukunci. 'Yar Dutse ce, a gindin dabino ta tashi, kullum akwai ƙulli a bakin zanenta. Ta daina hira, in an kai tuwo ta juya baya.

Da na koma karɓo mata magani na tambayi malamar asibiti ko 'ya'yan itace sun haramta gare ta. Ta ce ba haramci ba ne, awo ne. Gwaiba ce kan gaba, wadda ba ta nuna luguf ba, a ci da bawonta. Lemu kuma ta ce mu bar irin shan da muka saba, a yanke kai a tsotse ruwa a yar da sauran. A ɓare a cinye har zaren ciki, don shi ke hana sugan afkawa jini lokaci guda. Gwanda da kankana yanka ɗaya, mangwaro rabin ƙarami, kuma ba a kan tuwo ko fura ba, sai tsakanin abinci. Rake kam babu zancensa.

Na ce, dabino fa? Ta yi dariya. Busasshen dabino kusan kashi biyu cikin uku suga ne, don haka ɗaya, in an matsa biyu, tare da 'yar gyaɗa.

Da yamma na kai mata gwaiba a faifai.

"Inna, ga wannan."

"Ke 'yar nan, da waɗanne haƙoran?"

Na yayyanka mata siri-siri, na cire 'ya'yan. Sannan na ajiye dabino ɗaya a gefe. Ta daɗe tana jujjuya shi, ta tsaga da farce, ta leƙa ko da tsutsa, ta ci rabi ta ƙulle rabi. Maigida ya yi ta faɗa a daren, amma da awon wata ya yi kyau bai sake tayar da zancen ba. Maza kenan.

Haka muka lallaɓa har bazara, mangwaro ya cika kasuwar Shuwarin. Awon Inna ya fara hawa, ni kuwa ban canza komai ba. Ina shara wata safiya na tarar da ƙwallayen mangwaro tsibi a bayan randarta, an tsotse su fes. Wanda ke kawo mata, da yadda muka ƙare da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.