Abin da na koya a teburin sakataren ikkilisiya

Wanda ke riƙe da littafin ikkilisiya yana ganin fasto ta inda masu zama a benci ba sa ganinsa. Su ranar Lahadi suke ganinsa, cikin kwat, yana wa'azi. Sakatare kuwa yana ganinsa ranar Litinin bayan an ƙirga baiko, da ranar Laraba idan wata gwauruwa ta shigo ofis da takardar kuɗin makarantar 'ya'yanta a ƙulle a bakin zane.

Na yi wannan aiki a wata majami'a a tsallaken kogin Kaduna, wajen Kakuri. Jama'armu mutane ne da duniya ta buga sau biyu. Wasu rikicin shekarar 2000 ne ya taso su daga unguwannin arewacin gari, suka ƙetaro gada da kayan da ke jikinsu. Wasu kuma masaƙu ne abincinsu, sai masaƙar KTL ta rufe a 2002, ta UNTL ta bi baya a 2007. Fasto a irin wannan wuri, iya magana kaɗai ba ta kai shi ko'ina.

Baba Fasto da na fara aiki da shi, dattijo ne da ya yi karatun tauhidi a Kagoro. Wa'azinsa ba ya tayar da tsikar jiki, gaskiya har gyangyaɗi akan yi. Amma yana da ɗan littafi a aljihu da yake rubuta sunan duk wanda bai gani a sujada ba. Kafin Lahadi ta zagayo ya hau tsohon babur ɗinsa ya je unguwar Nasarawa, ta Television ko Unguwar Romi ya dubo mutum. Ya zauna a tabarma, ya sha kunun da aka ba shi, ya tambayi yara da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin baiko kuwa bai taɓa sa hannu a ciki ba, dattawa biyu ke ƙirgawa a gabana. Ranar da muka taimaki gwauruwar nan, na tambaye shi ko in sa a sanarwa don jama'a su san inda kuɗinsu ya tafi. Ya ce, "Ɗana, rubuta adadin, ka bar sunanta. Gobe ma za ta so shigowa nan da kanta a ɗage."

Bayan an yi masa canjin wurin aiki, muka samu wani mai zaƙin baki, majami'a ta cika maƙil. Sai dai ya ɗauko al'adar karanta sunayen masu ba da kuɗi mai tsoka a ranar godiya, kuma gidajensu ya fi sani. Ban ce mugu ne ba, ginin da ya tsaya shekaru shi ya rufa masa kwano. Amma tsofaffin ma'aikatan masaƙa suka koma bencin baya, wasu suka ɗauke ƙafa, ba wanda ya bi sawunsu. A lokacin ne sura 34 ta littafin Annabi Ezekiyel a Littafi Mai Tsarki ta zauna mini daram: laifin makiyayan Isra'ila shi ne ba su ƙarfafa raunana ba, ba su ɗaure karyayyu ba, ba su nemo ɓatattu ba. Manzo Bitrus ma a wasiƙarsa ta fari, sura 5, abin da ya ja kunnen dattawa a kai ke nan: kiwo da yardar rai, ba don riba ba, ba kuma da nuna iko ba.

Sai dai mu ma 'yan ikkilisiya muna da namu. Ni ke rubuta albashin fasto, na san bai kai ya kawo ba. Muna so ya zo asibiti da tsakar dare, ya yi jana'iza, ya sasanta miji da mata, Mama Fasto kuma ta ɗauki Zumuntar Mata a ka ba ko sisi. Wanda aka bari da yunwa, ba abin mamaki ba ne ya riƙa leƙa gidan mai hali. Shi ya sa a taron dattawa na dage sai an ware kuɗin man ziyara a kasafin shekara, daban da albashi. An yi ta ja, wani ya ce ai aikin Ubangiji ne. Ma'aji ya tambaye shi ko gidan mai na karɓar wannan amsa, aka yi dariya, aka sa hannu.