Mace da ɗaga ƙarfe: ba jikin maza za ki yi ba

Wallahi abin yana damuna yadda 'yan'uwana mata ke gudun ɗaga ƙarfe a jim, wato gidan motsa jiki, wai kar su wayi gari da damatsa irin na maza. Ba haka jikin yake ba fa. Sinadarin testosteron ɗin nan da ke taimakawa tsoka ta cika, na namiji ya ninka na mace sau 10 ko ma fiye, don haka ko shekara nawa kika yi kina ɗagawa da wuya ki yi ƙirji irin nasa.

Amma ga inda abin ke burge ni. In aka ba kowa nauyi daidai ƙarfinsa, a ce rabin abin da zai iya ɗagawa, sau da yawa namijin ne ke fara sarewa, hannu na rawa yana huci, ita ko tana nan tana ƙirgawa abinta. Farfesa Sandra Hunter a Amurka ta daɗe tana bincike kan wannan. Tsokar mace ta fi yawan zare mai jimirin aiki, shi kuma namiji tsokarsa da girma, in ta ɗaure sai ta matse jijiyoyin jini, gajiya ta zo da wuri.

Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2020 ma ya nuna tsokar tana ƙaruwa kusan daidai in aka auna daga inda kowa ya fara, a hannu da kafaɗa kuwa mata sun fi ƙara ƙarfi.

Iyayenmu mata na fi ji, don bayan al'ada ta ɗauke ƙashi yana rauni, ɗaga nauyi kaɗan kaɗan kuma yana rage wannan zaizayewar.