Kwana uku da na yi ina jiƙa kan firintata

Wata uku cur na yi ban taɓa firintata ba, sai ranar da buƙatar wasu takardu ta taso mini na kunna ta. Ta yi duk ƙarar da ta saba yi, ta ja takarda ta fito da ita, amma rubutun ya fito da fararen layuka suna ratsa shi, launin shuɗi kuwa ko alamarsa babu. Na duba mazubin tawada na tarar da shi kusan a cike, daga nan na gane cewa kan da ke fesa tawadar ne ya toshe.

A ƙarƙashin kan irin wannan firinta akwai ɗaruruwan hudoji, kowace ɗaya ta fi gashin kan mutum siranta nesa ba kusa ba, kuma ta cikinsu ake fesa ɗigon tawada a kan takarda. Tawadar kanta akasarinta ruwa ce, saboda haka da zarar iska ta samu hanyar kaiwa ga bakin hudojin na tsawon makonni, sai ruwan ya tsere ya bar daskararren launi ya liƙe ƙofar. Wadda aka yi da rini tana saurin narkewa idan ta sake haɗuwa da ruwa, amma wadda aka yi da ƙwayoyin launi, kamar baƙar tawadar firintoci da yawa, idan ta bushe takan yi tauri kamar busasshen fenti.

Kuskuren da na fara tafkawa shi ne danna umarnin wanke kai sau biyar a jere, ina zaton yawan wankin zai yi magani. Abin da wannan umarni yake yi shi ne, wani ɗan famfo ya zuƙo tawada ta cikin hudojin ya zubar da ita a wani soso da ke can ƙasan na'urar. Kowane wanki yana shan tawada mai yawa, yana kuma cika wannan soso, wanda na'urar take lissafa abin da ya sha har wata rana ta ƙi aiki sai an canza shi. Mafi muni, zuƙa a kai a kai yana iya jawo kumfar iska cikin kan, sai ka ga gwaji na biyar ya fi na farko lalacewa, kuma haka nawa ya yi. Su kansu masu ƙera na'urorin shawararsu ita ce a yi wanki biyu ko uku, sannan a kashe na'urar a bar ta ta huta awa 6 zuwa 12 kafin a sake gwadawa.

Da na dawo hayyacina, sai na koma ga shafin gwajin hudoji, wato wannan zanen ƙananan layuka da na'urar take bugawa ga kowane launi. A ganina wannan shafi ya fi duk wani kayan aiki amfani, domin shi yake gaya maka irin ciwon da kake jinya. Idan giɓin da ke cikin zanen yana nan a wuri guda a kowane gwaji, busasshiyar tawada ce. Idan kuwa yana yawo, yau nan gobe can, iska ce ta shiga, kuma hutu kawai yakan warkar da ita. Na ajiye shafukan ina rubuta lamba a kan kowanne, sai na ga giɓin baƙi yana yawo, na shuɗi kuwa ya kafe.

Kafin a taɓa komai da ruwa, ya kamata mutum ya san irin kan da yake da shi. Canon da HP, tun shekarun 1980, suna amfani da zafi ne, wato wani ɗan ƙaramin abu yana ɗumama tawadar nan take har ta yi kumfa ta tunkuɗo ɗigo waje. A irin wannan kai tawadar ce take sanyaya abin ɗumamawar, don haka ci gaba da bugu alhali hudojin a bushe suke yana iya ƙona shi, kuma abin da ya ƙone ba ya jiƙuwa. Sauƙin da ke nan shi ne a yawancin ƙananan firintocinsu kan yana haɗe da katirij, wato mazubin tawada, sai a zare shi, a ɗora bakinsa a kan tsumma mai ɗumi da danshi na minti 10, in ya ƙi a sayi sabo. Epson da Brother kuwa suna amfani da wani sinadari mai lanƙwasa idan lantarki ya ratsa shi, kuma kansu a kafe yake cikin na'urar. Tawa irin wannan ce, kuma canza kanta yakan kusan kai kuɗin sabuwar firinta.

Na kunna na'urar, da kan ya taso daga mazauninsa ya zo tsakiya sai na zare wayar wuta daga bango, domin in iya tura shi da hannu. Na naɗe tsumma marar zare ya zama siriri, na jiƙa shi da tataccen ruwa mai ɗan ɗumi, na shimfiɗa shi a hanyar da kan yake bi, sannan na turo kan a hankali ya zauna a kansa. Da tataccen ruwa ina nufin wanda aka tara daga tururi, domin ruwan famfo yana ɗauke da gishirin ƙasa da kan iya zama sabon toshi a hudar da ba ta kai gashi ba. Na guji barasar goge-goge da ruwan wanke gilashi duk da yawan masu yabonsu, saboda suna iya busar da roba, su ci gam, ko su sa wata tawadar ta dunƙule. Na kuma kula ƙwarai kada ɗigo ya taɓa wayoyin da ke shiga kan ko tagullar da ke jikinsa.

Da safe na tarar tsumman ya rine da baƙi da ja da rawaya, shuɗin kuwa ɗan tabo kawai. Na sake sabon tsumma na bar shi dare na biyu, na kuma ɗiga ruwan a kan soson mazaunin da kan yake kwana, na goge robar da ke kewaye da shi, wadda na tarar ta yi kanta da tsohuwar tawada. Ina kyautata zaton ita ce tushen matsalar, domin robar da ba ta rufe ruf ba tana barin iska ta shiga, kuma tana hana famfon zuƙa da ƙarfi.

A rana ta uku na ɗauko sirinji da ɗan siririn tiyo, na haɗa shi da bakin da shuɗi yake shiga kan, na tura abin da bai wuce mililita 2 ba. Nan ne wurin da aka fi kashe kai, domin bangon da ke raba launuka a ciki siriri ne, kuma idan aka danna da ƙarfi ya fashe, launuka za su gauraye har abada. Da na ji turjiya sai na tsaya na jira, na sake taɓawa kaɗan, har shuɗi ya fara tsattsafowa a tsumman da ke ƙasa.

Na bar komai ya bushe tsawon yini kafin in mayar da wuta, na yi wanki ɗaya, na buga gwaji na tara. Shuɗi ya dawo, in ban da layi biyu a gefe waɗanda suka cike da kansu bayan na buga shafuka kaɗan masu launi. Tun daga ranar nake buga shafin gwaji sau ɗaya a mako, kuma na daina kashe ta daga soket kamar yadda na saba, ina danna maɓallinta in jira har in ji kan ya koma mazauninsa ya rufe.