Gyambon cikin gwaggo da mantuwar da muka ɗora wa tsufa

Gwaggota ta yi fiye da shekara talatin tana sayar da kayan miya a kasuwar Tahoua, kuma takan riƙe bashin mutum ashirin a ka ba tare da takarda ba. Shekarar bara ta fara ruɗewa wajen ba da canji, a zama ɗaya kuma sai ta tambaye ni sau uku ko na ci abinci. Dukanmu muka ce tsufa ne.

Da muka kawo ta Yamai saboda tafin ƙafarta da take ji kamar kiyashi na yawo a ciki, likita ya tambaye ta: "Hajiya, tun yaushe kike shan maganin gyambon ciki?" Ashe ta daɗe tana sayen omeprazole a hannun masu tallar magani, tana sha kullum, kuma babu wanda ya rubuta mata. Gwajin jini ya nuna bitamin B12 ya yi ƙasa sosai a jikinta. Ana samun wannan bitamin a nama da kifi da ƙwai da nono, gero ba shi da shi, kuma sai da ruwan tsamin ciki jiki yake iya zare shi daga abinci. Maganin yana rage tsamin, haka ma ƙwayar cutar Helikobakta idan ta daɗe tana cin bangon ciki, wadda gano ta ya sa Barry Marshall da Robin Warren suka sami kyautar Nobel a 2005. Idan bitamin ɗin ya yi ƙaranci, jijiyoyi da tunani ne suke shan wahala.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ta jima tana ciniki kafin mu lura. Masana, musamman Yaakov Stern na Jami'ar Kolombiya a Amurka, suna kiran irin wannan juriya da sunan "ajiyar ƙwaƙwalwa", ni kuwa rumbu nake gani: gidan da ya cika nasa, fari yakan daɗe kafin ya bayyana a tukunyarsa. A 2013 wani bincike a Haidarabad ta Indiya ya gano cewa cutar mantuwa takan jinkirta da kimanin shekara huɗu da rabi a wajen masu jin harshe biyu, har da waɗanda ba su iya karatu ba. Gwaggo ba ta taɓa shiga aji ba, amma da Hausa da Zabarmanci da Buzanci take ciniki. Sai dai ajiyar tana ɓoye alamu ne kawai, lahanin yana ci gaba a ƙarƙashi, shi ya sa muka makara.

Bayan watanni ana yi mata allurar bitamin ɗin, lissafinta ya dawo, ko da yake ƙafar ba ta warke sarai ba. Ta koma rumfarta da safe kaɗai, jikarta na zaune kusa da ita tana riƙe da kuɗin.