Zafin furosesa alhali kwamfuta na zaune ba aiki

A ɗan shagona na gyaran kwamfuta da ke Samaru, ƙorafin da ya fi yawa daga Maris zuwa Mayu shi ne kwamfutar tebur tana ta gurnanin fanka saboda zafi alhali ba a buɗe komai a cikinta ba. Masu kawo ta, galibi ɗalibai da masu shagunan buga takardu, sukan zo da hukuncinsu a baki cewa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta lalace, a canza ta. Ba kasafai nake yarda ba, domin a kayan cikin kwamfuta ita ce ta fi wuyar mutuwa.

Furosesar da ba ta aiki takan tsaya tsakanin digiri 30 zuwa 50 a ma'aunin Salsiyos, kuma ba za ta taɓa fin ɗakin da take ciki sanyi ba, saboda haka digiri 48 da rana tsaka a bazarar Zariya ba ya tayar mini da hankali. Idan na ga 65 ko 70 ne nake kwance murfi.

Kafin nan sai na shiga BIOS, wato shafin saitin da ake iya buɗewa kafin Windows ta tashi, na duba. In zafin daidai yake a can amma ya haura da zarar Windows ta tashi, to akwai manhajar da ke cin ƙarfin injin a ɓoye, wani lokacin ma ƙwayar cutar kwamfuta ce mai haƙo kuɗin kirifto, kuma Task Manager, mai nuna manhajojin da ke aiki, kan tona asirinta.

In kuwa tun a BIOS zafin ya yi yawa, aikin hannu ne. Ƙurar hunturu takan dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya da ke kan furosesa har ta toshe hanyar iska, sai na danne fankar da yatsa na hure ta. Daga nan na ɗaga ƙarfen, na sa sifirit na goge busasshen man ɗauke zafi da ke tsakaninsa da furosesa, na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Lafta shi da yawa ɓarna ce kawai. Abin da ya fi ɓoye wa masu haɗa kwamfuta da kansu shi ne ƙafafu huɗun nan na fankar Intel: idan ɗaya ba ta shige ta kulle ba, ƙarfen zai ɗan karkace, kuma kowane irin mai aka sa zafin ba zai sauka ba. Akan kuma mance ledar da ke manne a ƙasan sabon ƙarfe.

Bayan na mayar da murfi, nakan bar ta a kunne na ɗan lokaci, in sake karanta ma'aunin a gaban mai ita kafin mu yi maganar kuɗin aiki.