Wa'adin shekara ɗaya

Injiniyancin lantarki na karanta kafin in shiga lauyanci, domin a Amurka ba a barin mutum ya zauna jarrabawar lauyoyin haƙƙin ƙirƙira sai yana da karatun kimiyya ko injiniyanci. Aikina a San Francisco shi ne in tatsi mai ƙirƙira da tambayoyi, in rubuta wa USPTO, ofishin rajistar haƙƙin ƙirƙira na Amurka, abin da ya ƙera dalla-dalla. In an amince, shekara 20 daga ranar shigar da takarda ba mai kwaikwayonsa sai da izini.

Wata abokiyar aikina 'yar asalin Indiya ce ta ja ni taron Trikone, ƙungiyar da 'yan Kudancin Asiya masu neman jinsinsu suka kafa a yankin a 1986. Daga nan na fara karɓar shari'ar neman mafaka kyauta. Doka na tare da masu neman jinsi da ke neman mafaka tun 1994, lokacin da Janet Reno, Antoni Janar ta Amurka a lokacin, ta mai da hukuncin Toboso-Alfonso, shari'ar wani ɗan Cuba mai neman maza, abin koyi ga kotunan shige da fice. Amma mai nema yana da shekara ɗaya kacal daga shigowarsa ƙasar ya miƙa fom ɗin neman mafaka, I-589. Wannan wa'adin na san shi: mai ƙirƙira ma da ya baje kolin abinsa, shekara ɗaya gare shi ya shigar da takarda.

Sai dai mai ƙirƙira zumuɗin magana yake yi. Shi kuwa saurayin da ya zo daga Malesiya, ko daga lardin Aceh na Indonesiya inda ake yi wa irinsa bulala a bainar jama'a, duk rayuwarsa koyon ɓoyewa ya yi. Yanzu jami'i na son ya faɗi rana, wuri, wa ya doke shi, wa ya gani. In labarin yau ya saɓa da na jiya, sai a ce ƙarya yake. Shi ya sa ba na taɓa biro a zaman farko. Ba na kuma yarda da tafinta daga unguwarsu ko wurin ibadarsu, domin tsoron kada magana ta koma gida ya fi tsoron alƙali rufe masa baki.

Akwai abokan aikin da ke ɗauka Asiya duk ɗaya ce, kuma wannan na ba ni haushi. Kotun Ƙolin Indiya ta soke hukunta masu neman jinsi a ƙarƙashin sashe na 377 na dokar laifuka a 2018, Taiwan ta halatta auren jinsi a 2019, Singafo ta cire sashe na 377A a farkon 2023, ita kuwa Malesiya tana riƙe da nata. Inda doka ta sassauta, aikina ya ƙaru, don lauyan gwamnati zai ce to ya koma gida mana. Sai in tara shaidar cewa 'yan sanda ko dangi na nan yadda suke, kuma gwamnatin can ba za ta kare shi ba.